Hotunan dusar ƙanƙara na fito mini toka-toka, a taimaka da shawara

Ɗalibi_a_Kazan:

Assalamu alaikum jama'a. Ina karatu a Kazan, babban birnin Tatarstan da ke Rasha. Tun da dusar ƙanƙara ta sauka nake son in tura wa mutanen gida hotunan da za su nuna musu abin da idona ke gani, amma abin ya ƙi. Kyamarata ƙaramar Canon ce da na saya ta hannu, da gilashin gaba nan mai zuƙowa daga 18 zuwa 55 da ke zuwa tare da ita.

Ranar Asabar na tsallaka kogin Kazanka, na tsaya wajen ginin nan mai siffar tukunya inda ake ɗaura aure. Daga nan ana hango Kremlin, wato tsohuwar fadar garin mai ganuwa, baki ɗaya: farar ganuwa, masallacin Kul Sharif da hasumiyoyinsa masu kawuna ruwan omo, sai hasumiyar Suyumbike ta jan bulo wadda ta ɗan karkace. Kogi ya daskare fari fat, sama ma fara, masu kamun kifi sun huda ƙanƙara suna zaune ɗai-ɗai a kan akwatunansu. Da ido abin gwanin sha'awa. Da na zuba a kwamfuta sai na tarar ƙanƙarar ta koma kamar farar shadda da aka wanke da ruwan kududdufi, ganuwa ta narke cikin sama, ba a gane inda wannan ta ƙare waccan ta fara. Wata rana kuma da rana ta fito na ɗauki bishiyoyi a wani lambu, inuwarsu ta fito shuɗiya sosai, har mahaifiyata ta tambaye ni ko fenti na shafa wa hoton.

To ina son masu sani su faɗa mini, tokar nan laifin kyamara ne ko na saiti? Shuɗin inuwar cire shi ake yi ko barinsa ake yi? Abin da ya fi damuna ma shi ne tsarin hoton kansa. A gida in na ɗaga kyamara akwai jar ƙasa, akwai koren dalbejiya, akwai tufafin mutane, launi ko ta ina. Nan kuwa komai fari, ban san inda zan ajiye idon mai kallo ba. Wani abokina ɗan Masar ya ce dole sai na sa mutum mai jar riga a tsakiyar hoto, wai haka ƙwararru suke yi. Gaskiya ne?

Baba_Winnipeg:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kyamararka lafiyarta ƙalau, kada ka yi tunanin sayar da ita. Na'urar auna haske da ke cikinta an ƙera ta ne a kan zaton duk abin da ke gabanta, in aka gauraya shi, matsakaicin toka ne, wanda ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Sabuwar dusar ƙanƙara kuwa kashi 80 take mayarwa ko fiye. Da kyamara ta ga wannan farin sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, ta jawo farin zuwa toka. Akwai maɓallin ƙara ko rage hasken hoto, mai alamar ƙari da ragi, danna shi ka murza zuwa +1. Ranar da gajimare ya rufe sama irin Asabar ɗinka, kai shi +1.7 ko ma +2. In rana ta fito ka tsaya kusa da +1, don gefen da rana ta doka yana saurin ƙonewa. Kuma kada ka yarda da allon bayan kyamara a cikin wannan farin, idonka ya riga ya ƙanƙance, komai duhu zai yi maka. Buɗe histogiram, wato zanen nan mai kamar tudu da ke nuna duhun hoto a hagu da haskensa a dama, ka bar tudun ya matsa dama amma kada ya manne da bango. In ya manne, wurin ya tafi ke nan, ko Lightroom, manhajar gyaran hoto, ba zai dawo maka da shi ba. Ka riƙa ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ya fi karɓar gyara.

Wannan shi ne mai sauƙin. Maganar shuɗi ita ce wadda mutane ke ta musu a kanta.

Shuɗin nan ba ƙarya kyamara ta yi maka ba, yana nan a wurin. Inda inuwa ta faɗa rana ba ta kaiwa, hasken sararin sama ne kaɗai ke sauka, sama kuwa shuɗiya ce, ƙanƙara kuma duk launin da aka ba ta shi take mayarwa. Ƙwaƙwalwarka ce ta san ƙanƙara fara ce, shi ya sa take goge maka shuɗin kana tsaye a wurin. A ma'aunin launin haske na Kelbin, hasken rana yana wajen 5500, inuwa kuwa tana kai 7000 zuwa 8000. In ka saita kyamara ta mayar da inuwa fara, gefen rana zai koma ruwan ƙwai. In ka gyara gefen rana, inuwa ta yi shuɗi. Ba za ka samu duka biyun ba, sai dai ka zaɓa. Ni dai na daɗe da zaɓa: nakan cire saitin launin haske daga otomatik in kafe shi a 5500 ko 6000, in bar inuwa da shuɗinta, in ta yi yawa in ɗan rage ƙarfinta a kwamfuta. Dalilina kuwa, shuɗin nan shi ne yake gaya wa Hajiya a gida cewa ɗanta yana cikin sanyi. Ka goge shi, hoton ya zama farar takarda da bishiya a kai. Ka nemi zanen Claude Monet, mai zane ɗan Faransa, na wani tsuntsu baƙi da fari a kan ƙyauren shinge cikin ƙanƙara, wanda ya yi tsakanin 1868 da 1869, yana gidan tarihi na Orsay a Paris. Dubi inuwar shingen nan, shuɗi ce mai ratsin makuba. Masu tantance zane na baje kolin Paris sun ƙi karɓarsa a 1869, yau kuma layi ake yi a kalle shi. Amma fa ranar gajimare lissafin daban ne. Ranar babu shuɗiyar sama, saboda haka in hoton gaba ɗaya ya yi shuɗi-shuɗi, wannan kam gyara shi, kai saitin wajen 6500.

Sai tsari. Na duba taswira, inda ka tsaya kudu kake fuskanta, ka ga da tsakar rana ranar tana bayan Kremlin, wajen la'asar ta koma damanka. Kuma kana da wata gata da ba ka lura da ita ba. Kazan tana kusa da digiri 56 arewa, don haka a ƙarshen Disamba rana ko da azahar ba ta wuce digiri 11 daga ƙasa. A Kano a rana ɗaya tana kai kusan 55. Hasken nan na kwance da masu hoto a gida suke jira da sassafe ko dab da magariba, kai wuni kake yi da shi, in dai ranar ta ga dama ta fito. Shi ne yake fito da jikin ƙanƙara, tudu da kwari, zanen da iska ta yi, sawun kare, sawun takalmi. Ka sa rana a gefenka, kada ka sa ta a bayanka, sannan ka durƙusa. Tsayuwa a miƙe ita ce take mayar da kogi farin fili marar komai. In ka sauke kyamara kusa da gwiwa, ƙananan tudun nan suna yin inuwa, inuwar kuma ta ja ido daga ƙasan hoto har zuwa ganuwa.

Masu kamun kifin da ka ambata, ai su ne hotonka. Zaɓi mutum ɗaya, ka matsa hagu ko dama har sai ya fita daga jikin duhun gaɓa ya zauna shi kaɗai a kan fari, ka ajiye shi can ƙasa a gefe guda, Kremlin kuma sama a ɗaya gefen. Ido zai riƙa kai da komo tsakaninsu. Sama in babu komai a cikinta ka ba ta ɗan siririn wuri, ko kuma ka ba ta kusan duka da gangan, abin da ba na so shi ne a raba hoto biyu daidai, fari sama fari ƙasa. Wani abu kuma, kafin ka taka sabuwar ƙanƙara ka tsaya ka gama kallo daga nesa. Nan Winnipeg ta Kanada in an kwana ana zuba, ina zuwa bakin mahaɗar kogin Red da Assiniboine tun kafin masu yawo da karnuka su fito, in fara ɗauka daga inda na tsaya, sannan in matsa gaba taku-taku. Sawun da ka yi ba ya gogewa sai an sake zubowa.

Mai_Hoto_Dala:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, bayani ya yi. Amma a ba ni dama in ɗan saɓa a wuri ɗaya. Ni ban taɓa taka dusar ƙanƙara ba, sai dai matsalar ɗan'uwanmu ba baƙuwa ba ce a wurinmu, mu ma muna da wata uku na farin sama. In ƙurar nan ta taso daga kwarin Bodele na Chadi ta rufe Kano, ka hau Dala da safe ka dubi Goron Dutse, da ƙyar za ka ga inuwarsa. Yawancin masu kyamara lokacin suke ajiye ta su ce a jira gari ya washe. Ni kuwa lokacin nake fita.

Abin da hazo yake yi shi ne ya share maka tarkace kyauta. Wayoyin lantarki, tankunan ruwa, eriya, rufin kwano mai tsatsa, duk sai su ja baya su dushe, abin da ke kusa ya rage da duhunsa. Sai hoto ya zama hawa-hawa: na gaba baƙi, na tsakiya toka, na can nesa kamar ba ya nan. To ina ganin ranar gajimare a kan ƙanƙara haka take, bai kamata ya zauna jiran rana ba. Ganuwar da ya ce ta narke cikin sama, a bar ta ta narke mana. Abin da ya rasa shi ne abu mai duhu a gaba da zai riƙe hoton. Nan ni kuka nake nema, don a hunturu ta zubar da ganye, rassanta sun fito tsirara, siffarta kaɗai ta isa hoto. Gawo kuwa akasin haka, lokacin yake da ganye, sai ya ba ka dunƙulen duhu a tsakiyar gonar da aka girbe. Shi ma can ba zai rasa bishiyar da ta zubar da ganye ba, ko shingen ƙarfe, ko benci.

Ɗalibi, ka kai gilashinka ƙarshensa, 55, ka daina 18 ɗin nan mai kwaso duniya. Dogon gilashi yana matso da hawa-hawan nan kusa da juna. Kuma in ka zauna gyara, ka ji tsoron Allah da maɓallin cire hazo na Lightroom. Mutanenmu suna jansa har ƙarshe, sama ta yi dauɗa-dauɗa, gefen gini ya yi wani kwarkwaro na haske. Ka nemi hotunan Michael Kenna, Baturen Ingila, waɗanda ya ɗauka a tsibirin Hokkaido na Japan. Baƙi da fari ne, wani bishiya ɗaya ce tak a kan tudu, wani sandunan shinge ne a jere cikin ƙanƙara, sama da ƙasa sun haɗe babu layi. Gwajin da nake yi wa kowane hoton hazo, in mayar da shi baƙi da fari na ɗan lokaci. In ya tsaya da ƙafarsa a haka, tsarinsa ya yi, sai in mayar masa da launi ko in bar shi. In ya rushe, to launi ba zai cece shi ba.

Yar_Tampere:

Sannunku da ƙoƙari. Ni da waya nake ɗauka, amma bari in tsoma baki a maganar jar riga, don ta ishe ni. Duk wanda ya buɗe Instagram a watan Janairu ya ga mutum mai jar riga ya juya baya yana kallon dutse, har ba a gane na wane ne. Dalilin da ya sa take aiki dai gaskiya ne: fili in fari ne da shuɗi, ɗigon launi mai ɗumi guda ɗaya yakan ja ido nan take. Amma ai kai launin yana gabanka, hasumiyar jan bulon nan da ka ambata. Nan Tampere ta Finland tsofaffin masana'antun bakin ruwan Tammerkoski duk jan bulo ne, ban taɓa buƙatar roƙon kowa ya sa riga ba. Akwai kuma bishiyar nan mai ƙananan jajayen 'ya'ya a dunƙule da ke kaiwa cikin sanyi ba su zube ba, na tabbata Rasha cike take da ita. Sharaɗin kawai launi ɗaya ya yi sarauta. In ja ya shigo, ga rawayar allon talla, ga koren kwandon shara, ka matsa har su fita.

Abin da ba wanda ya taɓo shi ne fatarmu. Ai dole za ka so ka tura hotonka kai ma. Baƙar fata a tsakiyar ƙanƙara, in aka bar waya ta yi ra'ayinta, fuska takan koma duhu, ido da haƙori kawai ake gani. Ka danna yatsa a kan fuskar, ka ja alamar rana sama kaɗan, ka bar ƙanƙarar baya ta yi fari abinta. Sannan mutum ya fuskanci buɗaɗɗen fili, kada ya fuskanci gini ko daji, domin ƙanƙarar da ke gabansa ita ke watso masa haske daga ƙasa, ta cike inuwar ƙarƙashin ido da haɓa. Wallahi ranar gajimare a kan ƙanƙara fatarmu tana fitowa da kyau fiye da a situdiyo. Na ɗauki 'yata da mayafi ruwan goro a kan daskararren tafkin Näsijärvi, babu komai a hoton sai ita da layin gaɓa can nesa, shi ne har yau a fuskar wayar kakarta.

Ɗalibi_a_Kazan:

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na koma jiya, sama a rufe. Na sa +1.7 kamar yadda Baba ya ce, ƙanƙara ta fito fara tas kuma ana ganin sawu a jikinta. Na bi shawarar Malam na Dala na sa reshen bishiya a gaba, sai dai a 55 reshen ya cinye rabin masallacin, na dawo wajen 40 na ɗan matsa dama. Anti, motocin bas na garin nan jajaye ne, na jira ɗaya ta hau madatsar da ke bi ta gindin Kremlin, ta fito 'yar ƙarama a gefen hagu. Sai ga shi ita da hasumiyar suna jan ido wuri biyu, ban san wanda zan bari ba tukuna.

Yanzu ga sabuwa. Nan magariba wajen ƙarfe uku da kwata take yi a wannan watan, ana idar da la'asar ba jimawa an kunna fitilun ganuwa. Na tsaya na ɗauka, ƙanƙara ta yi shuɗi mai duhu, ganuwa ta yi rawaya-rawaya, hoton ya burge ni amma ya ɗan girgiza. Batir kuma ya mutu da wuri, da na shiga shago in ji ɗumi gilashin ya yi gumi har ciki. Ranar Lahadi muna shirin zuwa Shuɗɗan Tafkuna da ke bayan gari, waɗanda ruwansu ba ya daskarewa ko a tsakiyar sanyi. Me zan kula da shi?

Baba_Winnipeg:

Bas da hasumiya, ka duba ko suna kan layi ɗaya na karkace, ɗaya ƙasa hagu ɗaya sama dama. In haka ne bar su duka, launinsu ɗaya ne, amsa wa juna suke yi. In suna jere a tsayi ɗaya, cire bas.

Shuɗi da rawayar bayan magariba kada ka taɓa su, kada ka nemi mayar da ɗayansu fari. Lokacin da ya fi kyau shi ne sa'ad da hasken sama da na fitila suka yi kunnen doki, kafin sama ta yi baƙi. A wurinku almuru yana ja fiye da na gida, kana da kusan rabin awa. Girgizar kuwa rashin abin ɗora kyamara ne. In ba ka da mai ƙafa uku, ɗora ta a kan jakarka bisa dakali, ka sa ta ƙirga daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka, ka bar ISO, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara, a 100 ko 200.

Batir na biyu ya zauna a aljihun ciki kusa da jikinka, wanda ya mutu ma in ya ji ɗumi yakan farfaɗo. Kafin ka shiga ɗaki ka zare katin ajiyar hotuna, ka sa kyamara cikin leda mai zif tun kana waje, ka bar ta awa ɗaya ko biyu, gumin ya taru a jikin leda. Kuma kada ka hura wa gilashi iskar baki don share ƙanƙara, nan take zai daskare a kai.

A tafkin, ruwan da ya fi iska ɗumi yana tururi in sanyi ya tsananta, tururin kuma yakan daskare a rassan bakin ruwa, saboda haka ku je da safe kafin iska ta kakkaɓe shi. Launin ruwan shi ne sarki a wannan hoton, kada ka haɗa shi da komai. Ka nemi wuri mai ɗan tudu ka kallo ruwan daga sama, don in ka durƙusa farin sama zai kwanta a kansa ya rufe launin. Ruwan ya fi ƙanƙara duhu, in ya cika rabin hoto kyamara ba za ta ruɗe sosai ba, fara da +0.7 ka duba histogiram. Bakin irin wannan ruwan yana da santsi, ka rataya kyamarar a wuya.